Kar a Duba Hannu

Litinin, bayan la'asar

Na dawo daga asibiti. Likitan ya haska min fitila a ido, sannan ya sa na leƙa cikin wata na'ura ya ce in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane danne-danne, yau ga ni zaune da abin dannawa a hannu ina jiran haske, shi kuwa sai rubutu yake yi. Da na gama ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a gidanmu. Na ce mahaifiyata. Ya faɗi sunan ciwon. Sunan da aka faɗa wa Inna ne shekarun baya, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Ya ce na hagu ya yi nisa, na dama kuma za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce me ya hana ni zuwa da wuri. Na ce aiki. Ya ce wane aiki? Na ce ina koyar da kwamfuta a firamare. Sai ya ajiye biro ya dube ni.

A gida na tarar da Inna a kan tabarmarta a bakin ƙofa, 'yata Auta tana tsefe mata kai suna faɗan da suka saba, wai Auta hannunta kamar na mai figar kaza. Na ce musu jini aka auna min, lafiya lau. Inna ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "To, madalla."

Ba wanda zai sani. Idan Hedimasta ya ji, ɗakin kwamfuta ya bar hannuna ke nan. Ɗakin nan ni na share shi tun yana sito cike da karyayyun bencina da kashin ɓera. Tun rasuwar baban Auta shi ne abin da yake tashe ni da safe.

Talata, yara sun fita shan iska

'Yan aji biyar ne da safe. Kwamfuta huɗu gare mu, ɗaya ta mutu tun bara muna buɗe cikinta muna nuna musu kayan ciki, yaran kuwa aji maƙil. Saboda haka kowa da kwalinsa. Na yanka kwalayen sabulu na zana musu kibod a kai harafi-harafi, na ɗiga gam a kan F da J ya bushe ya yi ɗan tudu kamar na kibod ɗin gaske. Yaran suna kiran tudun ƙurji. Kafin kowa ya fara bugawa sai ya lalubo ƙurajen nan biyu da 'yan yatsunsa, sannan in rufe masa hannu da ƙyalle. Ƙyallayen ragowar yadin Inna ne, na lokacin da take ɗinki.

"Kar a duba hannu!" Na faɗa na faɗa har sun mayar min da shi suna. Ina jin su ta taga: "Ku yi shiru, ga Malama Kar-a-duba nan." Nakan yi kamar ban ji ba, don sunan bai taɓa ɓata min rai ba. Kullum ina gaya musu idan yatsa ya saba ba ya mantuwa. Yau da na zo faɗa sai na tsallake maganar.

Akwai wata 'yar gaban benci da suke kira Rediyo, don in ta buɗe baki sai dai a ɗauke wuta. Ita ce ta fi kowa saurin hannu a ajin, kuma ba abin da ke wuce ta. Ta ce, "Malama, me ya sa kibiyar maus ta ƙara girma? Jiya 'yar mitsitsiya ce, yau ta zama mashi."

Na ce don 'yan baya su gani.

Wani daga baya ya ce, "Malama, ai mu muna gani."

Na ce to ya rufe min baki ya nemo ƙurjinsa.

Laraba, da safe

Maganin yana da zafi. Na ɗiga a banɗaki don kar Auta ta gani.

Alhamis, bayan magariba

Na zuba wa Inna ruwa a kofi, rabi ya tafi ƙasa. Kofin yana nan, butar tana nan, amma tsakaninsu sai na rasa inda bakin yake. Ruwan ya jiƙa mata ƙafa. Na ce Auta ce ta sa kofin a karkace.

Auta ta ce, "Umma, ni ko taɓa shi ban yi ba."

Inna ta yi dariya ta ce, "Ƙyale ta, ƙawata. Uwarki ta fara yi wa tabarma ban-ruwa, ko za ta tsiro." Suka yi ta dariya su biyu. Na taya su, amma da na ɗago sai na ga Inna ta daina dariyar tun kafin Auta, ta karkato kunne wajena kamar mai sauraron tafiyar wani a soro.

Inna ta yi shekaru a cikin duhu. Ni ke kai ta banɗaki in an sauya wa kaya wuri, ni ke gaya mata launin zanen da ta ɗaura. Ban taɓa tambayarta yadda abin ya fara mata ba. Yanzu kuma da nake son sani, ba halin tambaya.

Litinin, bayan an tashi

Hedimasta ya kira ni ofis. Masu ba da tallafi za su zo kafin a yi hutu, su ga abin da yara suka koya. In abin ya burge su za su ƙaro kwamfutoci, har da sola, mu huta da jiran wuta. Yana magana yana murza hannu kamar kayan suna bakin ƙofa.

Ya ce, "Malama, me za mu nuna musu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin yara na zangon nan gaba ɗaya." Kowane yaro ya buga ɗan labari game da gidansu da hannunsa, ya zana hoto a ƙasa. Akwai wanda ya kwashe makonni yana buga layi biyar game da akuyar kakarsa, don sai layi ya zo kansa yake samun zama, ga wuta sai ta ga dama. Duk suna cikin folda ɗaya mai suna Aikinmu, a babbar kwamfuta ta bakin taga. Babu su a wani wuri kuma. Filas ɗin ajiyar bayanai da nake kwafe su a ciki Hedimasta ya ara ya kai tambayoyin jarrabawa wajen masu buga takarda, bai dawo ba, kuma in na tambaya sai ya shafa aljihu ya ce yana nan.

Ya ce Malamin Lissafi zai taimaka min da shirye-shirye. Yaro ne sabon zuwa, mai ƙamshin turare da waya biyu, ya daɗe yana zagaya ɗakin nan kamar kyanwa da tukunyar kifi. Ba mugu ba ne. Shi dai gani yake kwali da tsumma ba su dace da zamani ba, ya kuma faɗa a ɗakin malamai ranar da ya ɗauka ba na nan. Ina nan, ta hagu yake zaune, ni ce ban gan shi ba sai da ya yi magana.

Laraba, yara sun fita shan iska

Kibiya ta ɓace min a gaban aji. Ina ta juya maus, allon fari fat, ba na ganin komai yana motsi. Yara sun yi tsit suna jira.

Rediyo ta ce, "Malama, ga ta can a gefen hagu, tana ta rawa."

Na ce, "Madalla. Gwada ku nake yi. Wa kuma ya gan ta?" Hannuwa suka tashi. Na mayar da abin wasa, in ɓoye kibiya su nemo, suka yi ta ihu suna murna. Har aka buga ƙararrawa ban koyar da abin da na shirya ba.

Gaskiyar ita ce na daɗe da daina karanta allon nan. Da yatsu nake aiki. Na san inda komai yake a babbar kwamfuta kamar yadda na san inda gishiri yake a kicin ɗina, sai in danna kawai abu ya buɗe. Na ɗauka gwaninta ce, har alfahari nake yi da ita.

Alhamis, da safe

Gefen hagu kamar an ja labule. Yau labulen ya ɗan matso.

Juma'a, bayan an tashi

Na gaji. Rana ta dallare taga, haruffa suna ta iyo. Rediyo ta roƙe ni in bar ta ta ƙarasa labarinta a babbar kwamfuta bayan an tashi, wai saura wajen da babanta ya kama ɓarawon batir. Na bar ta. Da ta gama ta ce, "Malama, na adana, sai Litinin," ta fita da gudu jakarta na dukan bayanta.

Na yi sharar Juma'a kamar kullum. Akwai foldar Gwaji, inda suke zuba shirmensu na koyon bugu, duk ƙarshen mako nakan goge ta gaba ɗaya, gogewar da ba ta biyawa ta kwandon shara, don kwamfutar ta yi nauyi. Ita ce ta uku a jeri: Aikinmu, Darasi, Gwaji. Na gangaro ta uku, na goge, ɗan akwatin tambaya ya fito na amsa masa tun bai gama fitowa ba. Na kashe, na lulluɓe su, na kulle.

Auta ta dafa mana abinci yau, ya yi gishiri. Inna ta ce ta shirya aurar da ita ga mai sayar da ruwa.

Litinin, ban san ko ƙarfe nawa ba

Na zaunar da Rediyo a babbar kwamfuta na ce ta karanto wa aji sunayen folda. Dabarata ce ta kwanan nan, su karanta ni in saurara.

Ta ce, "Ɗaya, Jarrabawa. Biyu, Sakamako. Sai Darasi. Sai Gwaji." Ta ɗago kai. "Malama, ina Aikinmu?"

Jarrabawa da Sakamako ba nawa ba ne. Malamin Lissafi ne ya zuba su ranar Alhamis, ya sa musu lamba a gaba don su hau sama ya riƙa samunsu da sauri. Bai gaya min ba, don me zai gaya wa mai ido abin da ke gabanta? Sun hau sama, komai ya gangaro. Gwaji tana nan daram da shirmenta. Ta uku a jeri ranar Juma'a ba ita ba ce, Aikinmu ce.

Tun kafin yarinyar ta rufe baki na gane. Na dafa benci.

Kafin wani lokaci Hedimasta ya shigo, Malamin Lissafi na biye. Aka duba kwandon shara, wayam. Mai labarin akuya ya kifa kai a kan kwalinsa. Hedimasta ya ce wa ya taɓa ta ƙarshe? Malamin Lissafi ya ce shi dai ranar Juma'a da zai wuce ya hango yarinyar nan ita kaɗai a kanta.

Rediyo ta miƙe. Ta ce, "Ni adanawa na yi. Na danna wani abu da na gama, amma ban san ko shi ne ba." Ta juyo ta dube ni. "Malama, ko shi ne?"

Na ce za a bincika.

Talata, da yamma

Ban ce komai ba.

Laraba, bayan an tashi

Na ɗauki kan babbar kwamfuta a kan babur na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya jona, ya yi 'yan dube-dubensa, ya ce da an kawo ta nan take da an samu, amma an zuba sabbin kaya a kai. Jiya Malamin Lissafi ya cika ta da bidiyon da zai kunna wa baƙi. Abin da ya fito guntaye ne, rabin hoton wani gida da layi ɗaya da ba a san na waye ba. Mai gyaran ya karanta min: "Mamana tana da keken ɗinki amma ba ta." Nan ya tsaya.

An hana Rediyo shiga ɗakin kwamfuta har ƙarshen zango. Lokacin darasina tana waje tana tsintar leda a fili. Hedimasta ya aika a kira babanta ranar Juma'a. Yaran sun daina kiranta Rediyo, sun koma Mai-gogewa, mai labarin akuya kuwa ya watsa mata ƙasa a jaka.

Ajin ya yi shiru, shirun da na shekara ina roƙo. Na ce a nemo ƙurji, aka nemo. Na ce kar a duba hannu, ba wanda ya duba. Ba wanda ya tambaye ni me ya sa kaza, me ya sa kaza. Ina jin sautin ledar da take tsinta ta taga, ta gefen hagu, inda ba na gani. Na gode wa Allah da ba na gani, sannan na ji kunyar godiyar.

In na faɗa, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi malamar kwamfuta ba ta ga sunan abin da take gogewa ba. Yarinya ce, za ta manta. Haka nake ta gaya wa kaina tun a kan babur.

Alhamis, bayan magariba

Auta ta ji labarin a wajen ƙanwar ƙawarta, ta kawo shi gida da zafinsa. Tana ba Inna tana cewa ai irin yaran nan masu rawar kai sai an yi musu dukan tsiya. Na daka mata tsawa na ce ta tashi ta wanke kwanoni. Ta tashi tana ƙunƙuni.

Muka rage ni da Inna. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ke."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Tun yaushe kike dafa bango kafin ki shigo ɗakina?"

Na ce ba na dafawa.

"Zobenki yana ƙara a jikin ƙofar. Da ba ya yi. Kuma kin koma zama ta damana, kina juyo da kai gaba ɗaya in Auta ta yi magana, ina jin ɗankunnenki. Ni za ki ɓoye wa wannan? Ni da na riga ki shiga?"

Hawaye suka zo, maganin ya sa suna da zafi.

Ba ta rarrashe ni ba. Inna ba ta iya rarrashi ba tun muna yara. Ta ce, "Yarinyar mutane fa? Ita ta goge?"

Na ce, "Inna, za su karɓe ɗakin."

Ta ce, "Za su karɓa. Ko gobe, ko baɗi. Ni ma keken ɗinkina ba a tambaye ni ba aka fitar da shi. Tambayarki na yi, ita ta goge?"

Na tashi na shiga ɗaki.

Juma'a, da rana

Baban Rediyo mai gyaran babur ne. Ya zo da baƙin mai a hannu, ko wankewa bai tsaya yi ba. Ya durƙusa ya gaida Hedimasta, ya ce shi bai yi karatu ba, ya kawo ta nan ne don kar ta zama irinsa, ashe ɓarna take yi wa hukuma. Yarinyar tana tsaye jikin kabad, kanta a ƙasa. Hedimasta ya fara bayanin yawan asarar da aka yi. Bai kai ƙarshe ba mutumin ya zaro wata wayar birki daga aljihu ya naɗe ta a hannu, ya ce, "Yallaɓai, a ba ni wuri, a gabanku zan yi don ku shaida."

Ba ta gudu ba. Hannu kawai ta ɗaga ta kare fuska.

Na ce, "Malam, dakata. Ba ita ba ce. Ni ce."

Hedimasta ya ce, "Haba Malama, kar tausayi ya sa ki ɗauki laifin da ba naki ba. Ke da kike bugawa ko kallo ba kya yi?"

Na ce, "Shi ne ai, ranka ya daɗe." Na roƙe shi ya taso ya tsaya ta haguna ya ɗaga hannu, ya ɗaga yatsu ko nawa ya ga dama. Sai na ji motsin kujera, na ji takalminsa ya zagayo. Ina kallon kalandar da ke gabana. Na ce, "Na san kana nan don ina jin numfashinka. Amma ba na ganinka, balle yatsunka." Sannan na gaya musu sauran, asibiti da jerin folda da komai.

Baban yarinyar ya warware wayar a hankali ya mayar aljihu, ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, Malama." Ya kama hannun 'yarsa suka fita. Ita ba ta dube ni ba.

Da Hedimasta ya yi faɗa da na fi jin daɗi. Sai ya jawo min kujera, ya sa aka kawo min ruwa, ya riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Ya ce dole ya sanar da na sama. Ya ce kafin nan Malamin Lissafi zai riƙe ɗakin, don baƙi na tafe, ni kuma in huta, za a nemo min abin da ba ya buƙatar ido sosai, ko 'yan aji ɗaya da waƙe-waƙensu. Ya miƙo hannu. Na ɗauka sallama ce, ashe makulli yake nufi.

Asabar, da safe

Na farka na fara shirya darasin Litinin a kaina, har na kai rabi.

Lahadi, da yamma

Na gaya wa Auta. Ta yi kuka, sannan ta tambaye ni ko ita ma zai same ta. Na ce za mu je a duba ta tun da wuri. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Laraba, a ɗakin malamai

Baƙin sun zo. Daga nan ina jin motocinsu. An share fili, an yi wa duwatsu farin fenti. Malamin Lissafi ya tattara kwalayen ya zuba bayan kabad, ƙyallayen kuma ya cusa a leda ya aiko min da su, da saƙon cewa kar baƙi su ɗauka tsummokaran goge-goge ne. Ya zaɓi yara shida masu tsaftar riga ya zaunar, ya kunna bidiyo. Na ji tafi. Ba su daɗe ba, sun ɗauki hoto, sun ce za a ji daga gare su. Hedimasta ya raka su yana dariya, da ya dawo kuwa dariyar ba ta biyo shi ba.

Da aka tashi ina haɗa jakata sai na ji mutum a bakin ƙofa. Sai da na juya gaba ɗaya na gan ta, Rediyo ce. An mayar da ita aji tun Litinin, Hedimasta ya yi bayani a taron safe, ya ce kuskure aka yi, bai faɗi na wa ba. Amma yara sun sani, yara kullum suna sani.

Ta ce, "Malama, sabon malamin ya ce mu riƙa duba hannu, wai ya fi sauri."

Na ce ta bi abin da malaminta ya ce.

"Ni ba na iyawa. In na duba sai in rikice."

Na ce za ta saba.

Ta tsaya tana murza igiyar jakarta. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta ce, "Malama, tun ranar Litinin ɗin kin san ba ni ba ce?"

Na ce na sani.

"Da na tambaye ki ko shi ne, kin sani?"

Na ce na sani.

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar lissafi. Ta ce, "Ni har na yarda ni ce." Ta juya ta tafi, ba gudu, jakar ba ta dukan bayanta.

Alhamis

Ban je ba. Ba wanda ya aiko.

Juma'a, bayan la'asar

Na koma asibiti. Ɗigon hasken da na gani yau bai kai na wancan karon ba. Likita ya sauya magani, ya yi maganar tiyata, ya ce ko an yi ba alkawari. Rubutuna ma ya fara hawa kan layi yana sauka, ina gani in na karkata littafin.

Na dawo na zube ledar ƙyallayen a tsakar ɗaki. Inna ta ji ƙarar leda ta ce mene ne. Na miƙa mata. Ta riƙa zaro su ɗaya-ɗaya tana shafawa tana faɗin na rigar wa aka yanka, wannan na matar mai gidan haya, wannan na ɗinkin sunan Auta. Ba ta kuskure ko ɗaya ba a cikin waɗanda na tuna.

Sannan ta ce, "Ƙawata, kawo buta da kofi." Auta ta kawo. "Ba ni ba, uwarki za ki ba. Ke kuma zauna nan kusa da ni."

Na ce, "Inna, na gaji."

"Na sani. Zauna. Tun da sauran gani ake koyo. Ni ban samu mai koya min ba, sai da na ƙone hannu da ruwan zafi ya fi a ƙirga."

Na zauna. Ta lalubo hannuna na hagu ta ɗora a kan kofin, ta lanƙwasa min ɗan yatsa ta sa kansa ciki, ɗan ƙasa da baki. Ta ce bakin buta ya taɓa kofi kafin in karkata, in ruwa ya taɓa yatsa in tsaya. Hannunta a bushe, da ƙarfi, kamar lokacin da take koya min zura zare a allura.

Na fara zubawa. Ta ce, "Kina kallo. Ina jin yadda kika sunkuyo." Ta laluba cikin ledar ta zaro ƙyalle ɗaya, shuɗi mai gam a gefe, ta shimfiɗa shi a kan hannuwana da kofin gaba ɗaya. Auta ta juya mana baya tana share fuska da gefen mayafi.

Na karkata butar. Ruwan ya zubo ta gefe, ya jiƙa ƙyallen, ya gangara kan tabarma har ƙafar Inna. Ba ta janye ƙafar ba.

Ta ce, "Sake."

Na sake.